Daga Liyon zuwa Kakuri: dalilin da ya zaunar da Peugeot a Kaduna

Wanda duk ya san hanyoyin Madawa, Buza da Keita a shekarun baya ya san a-kori-kura 404 da ƙanwarta 504, waɗanda suka sha ɗaukar albasa da fasinja ranar kasuwa. Mu dai Fijo muke ce musu, muna kuma ɗaukarsu ƴan Faransa, alhali irinsu dubbai a Kaduna aka harhaɗa su.

A 1972 ne gwamnatin Najeriya ta yi tarayya da kamfanin Peugeot, a 1975 kuma Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antar a unguwar Kakuri. Ba ƙauna ce ta kawo Faransawa ba, lissafi ne. Kuɗin man fetur sun cika ƙasar, masu saye sun yi yawa, gwamnati kuma ta tsawwala haraji a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, ta sassauta wa wadda ta zo gunduwa-gunduwa. Wanda ya kafa masana'anta a cikin gida ya tsallake wannan shinge, ya bar abokan hamayyarsa a waje. Bugu da ƙari, gwamnatin da kanta ce babbar mai saye, har 504 ta zama motar ma'aikatan hukuma. Irin wannan lissafi ne ya kai Volkswagen Legas, Steyr Bauci, Fiat kuma Kano.

Abin mamaki shi ne yadda kayan suke isowa. Da tashar ruwan Legas ta cushe da jiragen siminti a 1975, sai aka riƙa ɗauko sassan motocin ta jirgin sama daga Liyon zuwa Kano, sannan a wuce da su Kaduna. Ribar da ta ɗauki nauyin wannan tsada ba ƙarama ba ce.

A nan kuma raunin yake. Injin da manyan sassa daga waje suke zuwa, da kuɗin waje ake biyansu. Da aka karya darajar naira a 1986, farashin sabuwar mota ya fi ƙarfin ma'aikaci, tsoffin motocin Turai suka mamaye kasuwa. Nijar, wadda ƙanƙantar kasuwarta ba ta jawo irin wannan masana'anta ba, ta zama mashigarsu: daga Kwatano su ratso ƙasarmu su faɗa arewacin Najeriya, har zuwa 2017 da Abuja ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu. An sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar Kakuri a 2006. A 2022 Peugeot ta sake fara harhaɗa motoci a Kaduna, wannan karon tare da Ɗangote.