Daga wasan gem zuwa hoton ƙirji: tarihin GPU da huhunmu

1/ Jama'a ku matso. Abin nan da ake sa wa kwamfuta don gem ya daina tsinkewa, wato GPU, yana da hannu a yadda ake gano tarin tibi yau. Bari in jero muku daga tushe.

2/ A 1963 wani likita ɗan Suwizalan, Ewald Weibel, ya lissafa yadda hanyar iska ke rabuwa a huhu: reshe ya haifi biyu, biyu su haifi huɗu, har kusan hawa 23. A ƙarshensu akwai 'yan jakunkunan iska miliyan ɗari-ɗari.

3/ To ka ce kwamfuta ta bi ƙurar hunturu cikin rassan nan, ta faɗi inda za ta maƙale. Ƙwaƙwalwarta ta asali ƙwararriya ce, amma ma'aikatanta kaɗan ne. Sai aiki ya ci kwanaki.

4/ GPU kuwa gayya ce. Dubban ƙananan ma'aikata, kowa da kunyarsa, a tashi gona lokaci guda. Nvidia ta fitar da GeForce 256 a 1999 don 'yan gem, sai a 2007 manhajar CUDA ta buɗe wa masu bincike ƙofa.

5/ A 2012 Alex Krizhevsky, ɗalibin Geoffrey Hinton a Toronto, ya koya wa kwamfuta gane hotuna da GPU biyu kacal, irin na gem. Abin da ya gane kyanwa, ashe zai gane tabo a huhu.

6/ A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince manhaja ta karanta hoton ƙirji wajen tantance tibi ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Ƙungiyar KNCV ta shigo da na'urar hoton da ake goyawa a baya jihohin Kano da Katsina.

7/ Nan ne abin ya shafe mu. Mai tari a ƙauyukan Ajingi, kuɗin mota zuwa Gaya ma lissafi ne, balle Asibitin Zana a Kano. Sai ya yi ta shan jiƙo, yaransa suna shaƙa a ɗaki ɗaya.

8/ Amma fa manhajar ba likita ba ce. Maki kawai take bayarwa, gwajin majina ne ke tabbatarwa. Tari ya kai mako biyu, a je a gwada. Gwajin da maganin wata 6 kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati.