Daga Saye Zuwa Haya: Tarihin Lasisin Manhajojin Tace Fim

A yau aikin tace fim ba ya yiwuwa sai da manhaja, wato tsarin da ake ɗora wa kwamfuta don a yanka hoto, a jera shi, a haɗa shi da sauti. Abin da nake so in duba a wannan 'yar maƙala shi ne yadda hanyar mallakar irin wannan manhaja ta sake cikin shekaru talatin, da kuma abin da sakewar ta jawo wa masu tsofaffin ayyuka.

A ƙarshen shekarar 1991 kamfanin Adobe na Amurka ya fito da Premiere. A wancan zamani mutum zai biya kuɗi sau ɗaya, a ba shi faifai da lambar shaida. A bisa doka ba manhajar ya saya ba, izinin aiki da ita ya saya, shi ne ake kira lasisi. Amma izinin ba shi da wa'adi. In sabon samfuri ya fito, mai kuɗi ya saya, marar kuɗi ya ci gaba da tsohonsa.

Daga baya aka ƙaro wani sharaɗi: duk wanda ya ɗora manhaja sai kwamfutarsa ta tuntuɓi na'urar kamfani ta intanet, a tabbatar ba ta sata ba ce. Illar wannan ta fito fili a watan Disamba na 2012, lokacin da Adobe ya rufe na'urorin da ke tantance samfurin CS2. Dole ta sa ya raba wa waɗanda suka saya wani kwafi da ba ya bukatar tantancewa. Daga nan mutane suka gane cewa faifai yana hannunsu, amma mabuɗi yana hannun kamfani.

Shi ma kamfanin Apple ya yi nasa. A watan Yuni na 2011 ya fito da Final Cut Pro X, ya janye Final Cut Pro 7 daga kasuwa, alhali sabon ba ya buɗe ayyukan da aka yi da tsohon. Masu tace fim suka yi ca, har Apple ya dawo da sayar da tsohon na ɗan lokaci. Da shekarar 2017 ta zo, tsohon ya daina aiki a kan sabon tsarin kwamfutocin Apple.

Babban juyi ya zo a watan Mayu na 2013, sa'ad da Adobe ya ce CS6, wanda ya fito a 2012, shi ne na ƙarshe da za a saya a mallaka. Duk sabon samfuri sai dai haya, ana biya wata-wata ko shekara-shekara. A farkon 2017 kuma ya daina sayar da CS6 ɗungurungum. Wanda ya daina biyan haya, manhaja ta rufe masa ƙofa.

Su ma masu biyan ba su tsira ba. A watan Mayu na 2019 Adobe ya taƙaita abin da za a iya saukewa zuwa manyan samfura biyu na baya-bayan nan. Ya kuma aika wa wasu masu haya gargaɗin cewa ba su da izinin aiki da wasu tsofaffin samfura, in sun ci gaba wasu na iya kai su ƙara. Bai ambaci suna ba, amma jaridu sun danganta lamarin da ƙarar da kamfanin Dolby ya kai shi a 2018 kan kuɗin fasahar sauti. A watan Oktoba na 2019 ɗin kuma ya sanar zai rufe asusun mutanen Benezuwela saboda takunkumin gwamnatin Amurka, ko da yake ya janye kafin wata ya ƙare.

Mai karatu zai ce, to me ya sa mutum zai liƙe wa tsohon samfuri? Dalilai biyu ne. Na farko, sabon samfuri yakan bukaci sabuwar kwamfuta mai ƙarfi, ba kowa ke da halinta ba. Na biyu ya fi muhimmanci. Fayil ɗin aikin tacewa ba shi ne fim ba. Jerin umarni ne kawai, a yanka nan, a haɗa can, a sa waƙa a wuri kaza. In babu manhajar da ta san yarensa, ya zama takarda marar mai karantawa.

A nan ne abin ya shafe mu ɗaliban Hausa. Tun daga Turmin Danya a 1990, finafinan Hausa sun zama wani reshe na adabin da muke nazari. Rubutun ajami da kakanninmu suka bari, ko ya shekara ɗari, duk wanda ya san baƙi zai karanta shi ba tare da neman iznin kowa ba. Aikin fim da aka tace shekara goma sha biyar da suka wuce kuwa yana iya gagarar mai shi kansa.

Saboda haka a ganina, duk mai tace fim ya kamata ya adana ɗanyen hoton da aka ɗauko, da kammalallen fim a mafi kyawun siga, ya kuma rubuta sunan manhaja da samfurin da ya yi aiki da shi. Akwai kuma manhajoji na kowa da kowa, irin su Kdenlive da Shotcut, waɗanda lasisinsu ya yarda a kwafa a ajiye. Ɗakunan karatu na jami'o'inmu su ma ya dace su fara tattara waɗannan ayyuka kamar yadda suke tattara tsofaffin takardu. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma adabin al'umma ya fi ƙarfin a bar mabuɗinsa a hannun mai ba da haya.