Zauren Malam da Rainon Manyan Ɗalibai a Ƙasar Kano

Tun kafin a kafa jami'a a ƙasar Hausa akwai hanyar da a ke rainon ɗalibi har ya zama malami, watau makarantar ilmi ta zaure. Wanda ya sauke Alƙur'ani a gari kamar Kademi, a ƙasar Gaya, in yana son ƙari sai ya fara da Ahalari da Ishmawi, sa'an nan Iziyya da Risala. In ya kai ga Muhtasar ya kan nufi birni, inda unguwar Madabo ta yi suna wajen karantar da shi.

Ɗalibai su kan kewaye malam, kowa da littafinsa. Wanda layi ya zo kansa ya ja baƙi, malam ya fassara da Hausa, ya warware mas'ala, saura suna saurare. Ta haka mai Risala ya kan ji Muhtasar shekaru kafin ya buɗe shi, mai Muhtasar kuwa ya yi bitar Risala ba da niyya ba. Babu jarrabawa. In malam ya gamsu sai ya ba da ijaza, wadda ta ke jera sunayen malaman da littafin ya biyo ta hannunsu.

Amma ba karatu kaɗai a ke ɗauka ba, har da hali. A cikin Ida'un Nusuhi, wanda Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta a 1812, an nuna Shehu Usmanu ya lizimci Malam Usmanu Binduri wajen shekara biyu, ya karanta Muhtasar a wurinsa, ya kuma kwaikwayi tsantseninsa. Aibin tsarin shi ne kunya ta kan hana ɗalibi ja da malaminsa, ko da ya ga kuskure ƙuru-ƙuru.

A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, wadda ta koma Makarantar Koyon Larabci a 1947. Nan littattafan zaure su ka shiga aji, aka yanka musu lokaci, aka sa jarrabawa. Kwalejin Abdullahi Bayero ta biyo baya, ta zama jami'a a 1977. Mai neman digirin dakta ya sami ikon musu da malami a gaban jama'a, abin da zaure bai ba shi ba. Sai dai zaman yau da gobe da malami guda, wanda Shehu ya samu wurin Binduri, bai shiga cikin manhajar ba.