Fanisau da Tsaron Arewacin Kano

Duk wanda ya bi hanyar Daura daga Kano, ya ratsa Ungogo da Minjibir ko ya miƙe zuwa Dambatta, abin da idonsa zai gani shi ne gona na bin gona, ƙauye na hango ƙauye, ga kuka da ɗorawa da gawo a tsakanin kunyoyin gero da dawa. Da wuya ka yi tafiyar minti goma ba ka ga rumbu ba. Mu da muka taso a wannan yanki mun ɗauka haka Allah ya halicce shi. Amma manomi ba ya kafa gida inda yake tsoron a kwashe masa iyali da dare. Cikar da ƙasar nan ta yi da mutane tana da alaƙa da wata dabarar tsaro da aka ɗauka kusan shekara ɗari biyu da suka wuce.

A 1819 Sarkin Kano Sulaimanu ya rasu, aka naɗa Ibrahim Dabo na Sulluɓawa. Bai gama zama a kan gado ba tawaye ya ɓarke a sassa da dama. Wanda ya fi ba shi wahala shi ne Ɗan Tunku, jagoran Fulanin da ke da ƙarfi a wajen Dambatta, wanda ya ƙi yi masa mubaya'a. Ɗan Tunku ya san ƙasar kamar tafin hannunsa, mahayansa kuma sukan faɗa wa ƙauyuka su janye kafin rundunar birni ta ɗaura sirdi. Ganuwar Kano, duk da girmanta, tana kare na ciki ne kawai. Hatsin da birnin ke ci kuwa a waje ake noma shi.

Dabo ya gane cewa ba a kashe wutar daji daga cikin ɗaki. Sai ya ɗauki tsarin ribaɗi, wanda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke kira a kansa, har shi da kansa ya tare a Wurno ya rasu a can a 1837. Ribaɗi gari ne mai ganuwa da ake kafawa a bakin haɗari, a zuba masa mayaƙa da malamai da manoma, su ci daga gonakin da ke kewaye da shi, su kuma tsare su. Fanisau, da ke arewa da birni kusa da filin jirgin sama na yanzu, ita ce ta fi shahara. A watan Janairun 1824, da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya iso Kano, bai tarar da Sarki a fada ba. A Fanisau ya same shi, a sansanin yaƙi da Ɗan Tunku.

Hikimar tsarin tana cikin lissafinsa. Runduna mai fitowa daga birni tana cin guzuri, ta koma in damina ta faɗi. Mutumin ribaɗi kuwa yana nan rani da damina, gonarsa ce abincinsa, kuma abin da yake karewa nasa ne. In an hango ƙura, a buga ganga, mata da yara da dabbobi su shige ganuwa, labari ya kai gari na gaba. Mu masu sana'ar rubuta manhaja muna da ƙa'ida irin wannan: ba a ɗora komai a kan na'ura guda, domin ranar da ta faɗi kowa ya faɗi.

Sai dai ba takobi kaɗai ya kawo ƙarshen rikicin ba. Bayan shekaru ana gwabzawa, an kori Ɗan Tunku daga Dambatta ya koma Kazaure, Sakkwato kuma ta amince Kazaure ta zama masarauta mai cin gashin kanta. Kano ta rasa wani yanki na ƙasarta, ta sami zaman lafiya a arewa. Dambatta ta dawo hannun Dambazawa, gidan Sarkin Bai, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarkin Kano har gobe.

Dole kuma mu faɗi abin da ba a cika faɗa a waƙoƙin fada ba. Gandayen sarauta na Fanisau bayi ne suka nome su, mutanen da aka kamo daga wasu ƙasashe aka raba su da danginsu. Kwanciyar hankalin da kakanninmu suka samu, wasu ne suka biya kuɗinta da 'yancinsu.

Tsarin ya yi aiki gwargwadon zamaninsa. A ƙarshen shekarun 1890, Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya gangaro da bindigogi a zamanin Sarki Alu, aka gwabza a Gezawa da Tattarawa, amma bai shiga birni ba. Da Turawa suka zo ta kudu da igwa a watan Fabrairun 1903, ganuwar ƙasa ta kasa tsayawa, Alu kuma yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. Dabara ta tsufa, makami ya wuce ta.

A 2025 mun ji yadda 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga iyakar Katsina suna faɗa wa ƙauyukan Shanono da Tsanyawa. Ba wanda zai ce a koma gina ganuwa, kuma raba makamai ga kowane ƙauye wata fitinar ce. Abin ɗauka daga Dabo shi ne inda ya ajiye ƙarfinsa: a bakin iyaka, dindindin, cikin manoman da ake son karewa, shi kansa yana kwana a can. Sojan da zai zo bayan an gama ɓarna ya koma bariki, irin rundunar birnin nan ce da Ɗan Tunku ya daɗe yana zille wa. Ranar da manomin Tsanyawa ya bar gonarsa saboda tsoro, kasuwar Dawanau ce za ta fara ji a kwanon awo.