Yadi Ya Sauya, Ɗinki Yana Nan: Suturar Bazara a Imanan da Kurfai

A kwarin Dallol Boso, tsakanin Bonkuku da Filinge, zafin bazara yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Tun ƙarni na 19 da Abzinawa suka zauna a Imanan, maƙwabtan Kurfayawa da Zabarmawa, garkuwar namiji daga wannan zafi ita ce riga mai yalwa, wando mai faɗi da rawani.

Rawani mafi daraja shi ne baƙi mai sheƙi, rinin Kura ta ƙasar Kano. Barth, wanda ya isa Kano a 1851, ya shaida cewa tufafinta suna kaiwa har Tumbuktu. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin masana'anta, kuma sannu a hankali yadin kanti da shadda da gwanjo suka ture saƙi gefe.

Duk da haka ɗinkin bai gushe ba, domin dalilinsa yana nan: yalwar riga tana barin iska ta ratsa jiki, rawani yana tare rana da ƙura. Abin da ke salwanta shi ne ilimin masaƙa da marina. Ya wajaba malamai da ƙungiyoyinmu su rubuta sunayen waɗannan tufafi daga bakin dattawa tun suna raye.