Gado, Bashi da Yaƙi: Yadda Birtaniya Ta Zama Ƙasa Ɗaya

Duk mai kallon ƙwallo ya san Ingila da Sikotland da Wales kowacce da tawagarta, amma fasfo ɗaya 'yan wasansu ke riƙewa. To, ya aka yi haka?

Wales aka fara haɗiyewa, kuma da takobi. Sarki Edward na I ya ci ta da yaƙi a 1283, daga baya dokokin 1536 da 1543 suka sa ta ƙarƙashin shari'ar Ingila.

Sikotland kuwa ta gagara da yaƙi, sai gado ya yi aiki. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta I ta mutu ba ɗa ba jika, ɗan'uwanta James na VI, sarkin Sikotland, ya gaji gadon sarautar Ingila. Sarki ɗaya, majalisa biyu: haka aka zauna shekara 104.

Asara ce ta ƙarasa haɗin. A 1698 mutanen Sikotland suka zuba dukiya mai yawa don kafa sansanin kasuwanci a Darien, cikin Panama ta yau. Zazzaɓi da yunwa da sojojin Sifaniya suka wargaza shi. Ita kuma Ingila tana tsoron kada Sikotland ta naɗa nata sarkin daban, ta haɗa kai da Faransa. Ranar 1 ga Mayu, 1707 majalisun biyu suka zama ɗaya. Sikotland ta karɓi fam 398,085 da damar shiga kasuwannin Ingila, ta riƙe cocinta da kotunanta. Talakawa dai ba su so ba, har bore aka yi a Edinburgh da Glasgow.

Amma sa hannu a takarda ba ya sa mutane su ji su ɗaya ne. Masaniyar tarihi Linda Colley na ganin abin da ya ɗinke su shi ne aƙidar Furotesta, da yaƙe-yaƙe da Faransa 'yar Katolika har zuwa 1815, da kuma ribar daula. Dubi Ireland: an haɗa ta a 1801, mafi yawan mutanenta Katolika ne, kuma a 1922 babban ɓangarenta ya fice.

Yau daular ta tafi, Faransa ta zama ƙawa, masu zuwa coci sun ragu. A ƙuri'ar raba-gardama ta 2014, kashi 45 cikin 100 na masu zaɓe a Sikotland sun zaɓi ɓallewa, kashi 55 suka ce a zauna.