Gidan Dara da Wahalar Bin Asalinsa

Masu bin tarihin wasanni su kan fara ne da abin da ƙasa ta adana musu. A kaburburan sarakunan Ur, cikin Iraƙi, Leonard Woolley ya tono waɗansu alluna a haƙan da ya yi tsakanin 1922 da 1934. An yi su wajen shekara 2600 kafin haihuwar Annabi Isa, kowanne da gida 20, an ƙawata shi da katantanwar teku da shuɗin dutse mai daraja. A Masar kuma akwai senet, mai gida 30, jeri uku na goma goma. An sami allunansa a kabarin Fir'auna Tutankhamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922.

To, darar Hausa ma gida 30 gare ta, watau jeri biyar na shida shida, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12. Wanda ya ga haka ya iya zaton daga Masar ta fito, amma fa lalle ne a yi hattara. Allon senet hanya ce: a kan jefa 'yan sanduna, abin da suka nuna shi ne yawan gidajen da za a taka, wanda ya riga fid da 'ya'yansa ya ci. Gidan dara kuwa fage ne, babu ƙuri'a a cikinsa. Kowa ya kan zuba 'ya'yansa, sa'an nan ya riƙa gusawa gida guda, in ya jera uku ya ɗauke ɗan abokin wasansa. Daidaituwar lissafi ba ta isa shaidar dangantaka ba.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi. Allunan Ur da na Masar sun wanzu ne domin kayan manya ne, aka binne su tare da masu su. Mai dara kuwa gurabe ya kan tona a ƙasa gindin itace, wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan tsinke. In an tashi, iska da ƙafar mutane su shafe wurin. Saboda haka rashin tsohon allo bai nuna dara sabuwa ba ce.

Ashe ke nan tarihinta a bakin mutane ya ke: cikin sunayen dabarun wasa, da karin magana irin su “dara ta ci gida”, da bambancin ƙa'ida daga gari zuwa gari. Ya kamata malaman makarantun horon malamai su sa ɗalibansu su rubuta waɗannan daga bakin dattawa, tun masu sanin suna raye.